Ƙafar da Ɗan Kokowa Ke Jira

Idan aka gama ɗaurin hatsi aka kai rumbu, sanyi ya fara sauka a ƙasar Dakoro, daga Kornaka har Birnin Lalle ba ka rasa jin ganga da dare. Samari sun ƙoshi da sabon hatsi, aikin gona ya kau, sai kokowa. Baƙo kan zo fili don ya ga kaye, kuma kayen ba ya wuce ƙiftawar ido. Ni abin da ke riƙe ni a bakin fili shi ne abin da ke gaban kayen: mutum biyu a duƙe, suna zagaya juna, hannu na taɓa hannu yana janyewa, har wanda bai sani ba ya fara hamma yana cewa ba su komi. Alhali nan ne ake yin kokowar.

Na taɓa zama kusa da wani tsohon ɗan kokowa yana kallon ɗan ƙanensa, yaro mai ƙirji da dantse, wanda bai fi shekara goma sha bakwai ba. Ana sakin su ya zabura ya kai wawura ga ƙafar abokin karawarsa. Wancan ya ja ƙafar baya, ya ɗora masa nauyi a wuya, sai ga gwiwoyin yaron a rairayi. Ya dawo yana huci. Dattijon bai yi masa faɗa ba, tambaya ɗaya ya yi: "Ɗana, ƙafar nan da ka kai wa hannu, shi ya ba ka ita ko kai ka roƙa?" Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ni na roƙa."

Amsar tana cikin yadda ɗan Adam ke tsayuwa. Mutum ba ya iya janye ƙafar da nauyinsa ke kanta sai ya fara maida nauyin kan ɗayar. Don haka kowane taku yana da ɗan lokacin da ƙafar gaba ta kafu, ba ta da wurin gudu, kuma lokacin ne mai kamun ƙafa ke nema. Mai taɗiya kuwa wani lokacin daban yake farauta: sa'ad da ƙafar ta kusa dira, mai ita ya riga ya ba ta amana amma ba ta kama ƙasa ba. Tsakanin waɗannan biyun bai kai numfashi guda ba. Wanda ya kai farmaki kafin lokacin ya tarar da ƙafa mai sauƙi wadda za ta kuɓuce masa, ga kansa a ƙasa, ga wuyansa a hannun abokin gaba. Wanda ya makara ya tarar an riga an rufe ƙofa.

Shi ya sa gwanin ɗan kokowa ba ya jiran gawon shanu. Wannan taɓe-taɓen hannu da ake gani, da dafa kai, da ɗan jan wuyan hannu, duk tambaya ce yake yi wa jikin ɗayan. Ya tura kaɗan ya ji ko za a turo masa. Ya ja kaɗan ya ji ko za a cije. Idan mutum yana da ɗabi'ar maida turi da turi, to ya ba da lagonsa, don an san inda nauyinsa zai kasance idan aka sake tura shi. Har ɗibar rairayin da suke yi suna murzawa a tafi yana da aiki biyu: yana kashe santsin zufa, yana kuma ba mutum damar duban numfashin abokin karawarsa. Gwani yana shiga fili da abu ɗaya ko biyu da yake nema, ya bar sauran su wuce ko da sun yi kama da dama. Amma ran da abin nasa ya zo, ba ya shawara. Shawarar an gama ta tun a wurin atisaye, kuma idan ya shiga, da dukan jiki yake shiga, ƙugu da ƙafa da kai, ba ya barin rabin kansa a baya don gudun faɗuwa. Rabin farmaki ya fi rashin farmaki haɗari.

Bayan gaggawa akwai kuma ciwo na biyu, wanda ya fi wuyar ganewa saboda yana sanye da rigar haƙuri. Yaron da aka kayar sau biyu ko uku don gaggawa yakan koma ya ƙi taɓa kowa, yana ta ja da baya yana cewa dabara yake. An ce ja da baya ga rago ba tsoro ba ne, gaskiya ne, amma ragon yana ja ne don ya dawo da karo. Ka dubi ƙafafu za ka bambance. Mai haƙuri yana kan yatsun ƙafarsa, yana cin fili taku bayan taku, yana matsa ɗayan zuwa bakin buhunan da suka kewaye da'ira. Mai tsoro yana kan dunduniya, idonsa na kan alƙali. A gasar yanzu ma wannan ba ya fisshe shi, don alƙali na ba da gargaɗi ga mai ƙin kokowa, kuma ana iya rasa karawa da gargaɗi ba tare da an taɓa ƙasa ba. A ganina wannan doka ta yi wa yara alheri, domin ta tilasta musu su gane cewa jira yana da farashi.

Can a Amurka ƴan wasan besbol suna fama da irin wannan lissafi. Mai jifa na tsaye tazarar mita 18 da ɗoriya, ƙwallon na isowa cikin ƙasa da rabin daƙiƙa, mai sanda kuma sai ya yanke ko ya buga ko ya ƙyale. Kuskure uku ya fita, jifa huɗu marasa kyau da ya ƙyale kuma su ba shi wucewa kyauta. Ted Williams na ƙungiyar Boston Red Sox, wanda a 1941 ya yi nasarar bugu 406 cikin kowane 1,000, ya yi suna da ƙin taɓa ƙwallon da ba tasa ba. Amma ko a wurinsu, idan kuskure biyu ya hau kan mutum, dole ya rage zaɓe ya kare kansa. Haka ɗan kokowa: abin da zai ƙyale a farkon karawa ba shi zai ƙyale ba idan gargaɗi na kansa kuma lokaci na ƙurewa.

Jiki ma yana da nasa hukuncin. Rairayi mai zurfi yana cin ƙafa, kuma ƙaton da ya fi ka nauyi yana son ka tsaya ka riƙe shi ya jingina da kai har cinyoyinka su mutu. Siririn yaro da ya kwaikwayi jiran ƙato ya kashe kansa. Nasa haƙurin a cikin motsi yake: ya zagaya, ya sa ƙaton ya yi ta ɗaga ƙafa, don kowane taku sabuwar dama ce.

Jahar Maraɗi ta san wannan aiki tun farko. Da aka fara gasar takobi ta ƙasa a Tawa a 1975, Yakuba Kantu na Maraɗi ne ya ɗauka, kuma sunansa filin kokowar Maraɗi ke ɗauke da shi a yau. Jahohi takwas ne ke kawo mutum goma-goma, ƴan kokowa 80, kuma faɗuwa ɗaya ta isa ta raba mutum da takobin shekarar. Ka auna wannan da Kadri Abdu, wato Isaka Isaka na Doso, wanda ya ɗauki takobinsa na shida a Agadas a ƙarshen 2023. A cikin mutum 80 ba a rasa masu ƙarfi irin nasa. Abin da ke burge ni shi ne yawan ƙafafun da aka miƙo masa a matsayin tarko cikin waɗannan shekaru ya ƙi kai hannu, da kuma ƴan kaɗan ɗin da ya kama bai saki ba.

Ɗan ƙanen tsohon ɗan kokowar nan na sake ganinsa a kakar da ta biyo. Ya daɗe yana zagaye har abokansa suka fara yi masa ihu ya shiga. Ya tura, aka turo. Ya sake turawa, aka sake turowa. A na uku bai tura ba, sai ya nutse ƙasa daidai lokacin da ƙafar ɗayan ta dira, makaɗi ya sauya kiɗa tun ƙurar ba ta kwanta ba. Dattijon bai tashi daga tabarmarsa ba, goro kawai ya ɓara ya miƙo mini rabi.