Tawada a jijiyar wuya

Ƙwaƙwalwa ba ta jiran mai nazari. Da an buɗe ƙoƙon kai sai ta fara saki, kafin a gama dubawa ta lalace. Shi ya sa masu fiɗa na da suka fi yanka ta daga sama, yanki bayan yanki, tana zaune cikin ƙoƙonta. Abin da ke ƙarƙashinta kuwa ba su cika ganinsa da kyau ba.

Thomas Willis, likita a Oxford ta Ingila, ya bi wata hanya dabam. Shi da mataimakinsa Richard Lower sukan zaro ƙwaƙwalwar gaba ɗaya, su jiƙa ta a barasa ta yi tauri, sannan su kife ta su dubi gindinta. Nan aikin hannu yake, domin jijiyoyin wurin sirara ne, in wuƙa ta goce kaɗan sun tsinke.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta tawada. Jijiyoyi huɗu ke kai wa ƙwaƙwalwa jini: biyu ta gaban wuya, biyu ta cikin ƙashin wuya. Sai su ɗura ruwa mai launi a guda ɗaya tak, su zuba ido. Launin ba ya tsayawa a ɓarinsa, yakan tsallaka ya rina ɗaya ɓarin. Ashe a gindin ƙwaƙwalwa jijiyoyin sun haɗu kamar shataletale, in wani titi ya toshe jini ya zagayo ta wani. Wasu sun riga shi ganin wannan zobe, amma Willis ne ya nuna amfaninsa. Ya fiɗe gawar wani mutum da jijiyar wuyansa ta dama ta kusa toshewa ƙurmus, alhali ɓarin jikinsa bai taɓa shanyewa ba, wata cuta ce ta kashe shi.

A 1664 ya fitar da littafinsa, Cerebri Anatome. Mai zana hotunan ciki shi ne Christopher Wren, wanda daga baya ya tsara ginin babban cocin St Paul a Landan. Idon mai tsara gini ne a zanen: kowace jijiya an nuna inda ta taso da inda ta nufa.

Yau ba sai an jira mutuwa ba. Wasu daga cikin yaran da ke da amosanin jini, wato sikila, manyan jijiyoyin wannan zobe ne kan tsuke musu, har ɓarin jiki ya shanye tun suna ƙanana. A Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano an horar da ma'aikata su ɗora 'yar na'ura a gefen kan yaro, tsakanin ido da kunne inda ƙashi ya fi siranta, su auna gudun jinin. In ya kai santimita 200 a daƙiƙa, yaron na cikin haɗari, sai a ɗora shi kan maganin hydroxyurea tun cutar shanyewar ɓarin jiki ba ta buge shi ba.