Jinjina ga Masu Koyon Farfaɗo da Zuciya

Ɗaliban agajin gaggawa da ke durƙusawa gaban mutum-mutumin roba suna danna ƙirjinsa har gumi ya jiƙa musu riga sun cancanci jinjina. Idan zuciya ta tsaya, ƙwaƙwalwa kan fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6, motar asibiti kuwa ba kasafai take isowa kafin nan ba. Shi ya sa malamai ke tsananta musu: tushen tafin hannu a tsakiyar ƙirji, hannaye a miƙe, dannawa mai zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, bayan kowace 30 a hura numfashi sau 2.

Wasu kan ce dannawar tana karya haƙarƙari. Yakan karye ɗin, amma ƙashi yana ɗoruwa, ƙwaƙwalwar da ta mutu kuwa ba ta dawowa. Masu cewa neman takardar shaida ne kawai su sani, a tsarin Ƙungiyar Zuciya ta Amurka duk shekara 2 ake sabunta ta, domin hannu yana mantuwa. Allah ya ƙara wa ɗaliban nan ƙarfin hannu. Kai ma, nemi ofishin Red Cross ka koya.