Marainiyar Fadar Koriya Ta Mamaye Tsakar Gidanmu

Kashi 54 ne cif, kuma wallahi sau uku na kalle su, har yanzu ban ƙoshi ba. Sunan shirin Dae Jang Geum, masu tura finafinai a waya sun fi saninsa da Jewel in the Palace. Tashar MBC ta Koriya ta Kudu ce ta fara nuna shi daga Satumbar 2003 zuwa Maris na 2004, amma gidanmu a Kumbotso sai da ƙanena ya dawo daga shagon turi da shi a memori, yana cewa mu ɗan huta da Indiya. Daren farko mu uku ne a kan tabarma. Kafin sati ya zagayo, matan maƙwabta sun fara leƙowa bayan sallar isha'i, kowace da kujerarta 'yar tsugunne.

Labarin wata marainiya ce, Jang Geum, da ta shiga fadar sarkin Joseon tana 'yar ficiciya don koyon girki. Mahaifiyarta ma a ɗakin girkin fadar ta yi aiki, har aka ƙulla mata makirci aka ɗura mata guba. Yarinyar ta taso a hannun uwar ɗakinta Han, ga kuma dangin Choi da suka mayar da shugabancin girkin sarki gadon gidansu. Ba kuma ƙagaggiya ce ɗungurungum ba: kundin tarihin masarautar ya ambaci wata likita mai wannan suna a zamanin Sarki Jungjong, wanda ya yi mulki daga 1506 zuwa 1544.

Lee Young-ae ce ta fito a Jang Geum, kuma ni dai ban taɓa ganin fuskar da ke magana ba tare da buɗe baki ba kamar tata. Idan aka zalunce ta, sai ta sunkuyar da kai, idanun su ciko, ta haɗiye. Kunya, kara, ladabi, duk abin da iyayenmu ke yi mana faɗa a kai, ga shi nan a jikin 'yar Koriya. Ƙauna tsakanin Jang Geum da wani mai suna Min Jeong-ho kuwa daga kallo sai gaisuwa, shi ya sa ba wanda ke rarumar waya ya kife ta idan Baba ya gifta.

Gwaggo ce ta fi kowa kamuwa. Ba ta karanta Turancin da ke gudu a ƙasan hoton, ni ke fassara mata, amma sau da yawa kafin in buɗe baki ta riga ta gane. Akwai inda Han ta aiki yarinyar ta kawo mata ruwan sha, ta kawo, ta ce ta sake, ta kawo, ta ce ta sake, har yarinya ta rasa laifinta. Sai can ta tuna yadda mahaifiyarta ke yi, ta tambayi uwar ɗakin ko cikinta na ciwo, ko maƙogwaronta. Da ta ji maƙogwaro ne, sai ta kawo ruwa mai ɗumi da ɗan gishiri. Gwaggo ta tafa hannu ta ce, "Ke 'yar nan, tsayar! Kin gani ko? Wannan ita ce tarbiyya. Mayar min baya in sake gani." Sau huɗu muka maimaita wurin.

Amma ranar gasar shinkafa, ranar ce gidanmu ya tashi. An zo zagayen ƙarshe na fitar da shugabar girki tsakanin Han da Choi, ɗaya daga cikin dangin nan, sai aka ce ba nama, ba miya, farar shinkafa kawai za su dafa. A ranar Yaya ya kwana a gida, ya dawo daga gonarsa ta wajen Kadawa, ƙafafunsa duk sun yi fari da laka. Mutum ne da ya san shinkafa tun tana iri a gadon reno, ya yi dashe, ya bi dare yana jiran ruwan Tiga ya biyo kanal, ya kori tsuntsu, ya kai shanshera injin casa a Kura. Da can cewa yake yi kallon mata ne. Yana jin an ce shinkafa sai ya matso da buta a hannu, bai ma ajiye ta ba.

Choi ta toshe bakin tukunyarta ruf, tururi bai fita ba, shinkafa ta yi kyau har Yaya ya gyaɗa kai ya ce ta ci. Ashe Han ta saka wata 'yar tasa a cikin tukunya, gefe guda ya yi laushi, gefe guda ya yi wara-wara, ta zuba wa kowace mai ɗanɗanawa irin wadda ta san tana so, don shekara da shekaru tana lura da cin kowa. Jikina har tsuma ya yi! Umma ta ce ai haka take yi, ta Baba daga ƙasan tukunya, ta yara daga sama, ƙanzo na Gwaggo. Yaya kuwa ya yi shiru, can ya ce, "Umma, ashe har a fadar sarki shinkafa ce alƙali." Tun daga ranar, idan ya bugo waya daga gona, bayan gaisuwa sai ya tambaya kashi na nawa muke, kada mu wuce shi.

Rabin shirin na biyu, inda ta koyi aikin likita a tsibirin Jeju, ta dawo fada da allura da saiwoyi har sarki ya damƙa mata lafiyarsa, shi ma zuma ne. Ban yi mamaki ba da na ji yadda mutanen Iran suka rungumi shirin. Kayan sawar kaɗai abin kallo ne, riguna har ƙasa, launi a kan launi, ga tuluna jere a rana kamar randunan kakanninmu.

Sai dai ni inda zuciyata ta tsaya shi ne hanyar Jeju. An yi wa Han da Jang Geum sharrin cewa naman agwagwar da suka dafa ne ya kwantar da sarki, aka azabtar da su, aka kore su zuwa can. Han ta kasa tafiya, Jang Geum ta goya ta, a bayanta kuma rai ya yi halinsa. Tsakar gidanmu ta yi tsit, ba ka jin komai sai jan hanci. Gwaggo ta ja mayafi ta rufe fuska tana salati, maƙwabciyarmu ta tashi ta fice ko sallama babu. Da asuba na tarar da Gwaggo a bakin murhu idonta a kumbure, ta ce, "Ki sa wayar nan a caji da wuri. Ba zan samu sukuni ba sai na ga ƙarshen matar nan Choi."