Sharhi a kan Shirin SIWES da Koyar da Ɗaliban Injiniya Aikin Haɗin Gwiwa

Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, wato ITF, ya ƙirƙiro shirin SIWES a 1973 domin ɗalibai su goge da aiki kafin su kammala karatu. Ɗalibin injiniya kan shafe watanni a masana'anta yana rubuta aikinsa na kullum a littafi, mai duba shi yana sa hannu.

Amfanin shirin ba abin musu ba ne. Sai dai littafin nan ƙwazon mutum ɗaya yake aunawa. Ba ya tambayar wanda ya raba aiki, ko wanda ya ƙiyasta kuɗi, balle sashen da jinkirinsa zai tsayar da saura. Alhali gina gada aikin gayya ne, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka.

A 2023 hukumar COREN ta zama mamba ta wucin gadi a Yarjejeniyar Washinton, wadda ta wajabta wa ɗalibi iya aiki cikin ƙungiya da sarrafa aiki da kuɗinsa. Saboda haka, a ganina, kamata ya yi a riƙa tura ɗalibai rukuni-rukuni, a ɗora musu aiki guda mai wa'adi da kasafi, a raba maki tsakanin na rukuni da na kowane ɗalibi.