Kashi-Kashi ko Gaba Ɗaya: Nazari a kan Tsarin Sakin Wasan Kwaikwayo Mai Dogon Zango

Manufar wannan takarda ita ce duba yadda lokacin sakin wasan kwaikwayo yake shafar zubinsa da tsarinsa.

Jan rai ba baƙon abu ba ne a adabin Hausa. A littafi na farko na Magana Jari Ce (1937), Abubakar Imam ya sa aku ya riƙa tsare Musa da labari dare bayan dare don kada ya fita ya faɗa tarkon Waziri. Abin lura shi ne kowane labari yana da farkonsa da ƙarshensa, ga kuma babban labarin yana tafiya a hankali.

A 2013 kamfanin Netflix na Amurka ya saki kashi 13 na House of Cards rana guda. A ƙasar Hausa kuwa tsarin mako-mako ne ya kafu, tun daga Samanja Mazan Fama a talabijin ta Kaduna, har zuwa Daɗin Kowa na tashar Arewa24, da Labarina na Aminu Saira da Izzar So, waɗanda suka fara fitowa a 2020.

Sai dai mai kallo ba ya bin tsarin mai shiryawa a koyaushe. A gari irin Miga, a fadamar kogin Haɗeja, manomin da aikin shinkafa ya tsare ba lalle ba ne ya sami sukunin bin wasa duk mako. Idan aiki ya lafa, sai ya je wurin masu tura finafinai a waya, ya karɓi kashi da yawa, ya kalle su a jere.

A nan ne ake gane ingancin rubutu. Kwana bakwai na jira suna rufa wa marubuci asiri: hirar majalisa da gardamar masu kallo su cike giɓin da ya bari. Kallo a jere kuwa yana tona maimaici, da doguwar gaisuwa, da fitowar da ba ta ƙara wa jigo komai ba.

Saboda haka tsarin mako-mako yana raya hira tsakanin jama'a, amma bai kamata ya zama mafakar rago ba. Ma'aunin da muke ba da shawara a riƙe shi ne na akun Imam: kowane kashi ya tsaya da ƙafarsa, kuma ya sa a nemi na gaba.