Jiya Maras Ƙasa: Tsokaci a Kan Littattafan Yaƙi

Tun da layin dogo ya iso Kano a 1911, yankin tashar jirgin ƙasa da ke maƙwabtaka da Fagge da Sabon Gari ya zama masauƙin duk wani baƙon abu. A kasuwancin da ya bunƙasa a wannan yanki ne 'yan littattafai suka kafa rumfuna, inda adabin kasuwar Kano ya sami masaya tun daga shekarun 1980. Manazarta sun yi ca a kan littattafan soyayya, sun bar wani reshe da samari suka fi rububi, wato littattafan yaƙi, waɗanda Abdul'aziz Sani Madakin Gini, marubucin Mazan Jiya, ya yi fice a kansu.

Dole a sara wa waɗannan littattafai. Sun gaji salon Iliya Ɗan Maiƙarfi da Ganɗoki, sun iya kirari da zuga, sun kuma san gaɓar da za su katse labari don mai karatu ya nemi littafi na gaba. Da yawan samari a nan suka koyi zama da littafi har su kai ƙarshensa.

Sai dai zamanin da suke kai mu ba shi da ƙasa. Biranensu na da sunaye masu ƙamshin Larabci, sadaukansu na sara da suka daga safe har faɗuwar rana, amma ba a ganin maƙerin da ya ƙera takobin, balle manomin da ya ciyar da rundunar. Idan jarumi ya shiga tsaka mai wuya, sihirin boka ko fiffiken aljani ne mafita. Tun da babu abin da ya gagari tsafi, babu asarar da ke taɓa zuciya, sai tsawon jerin ya koma maimaici.

Kwatanci da Jean Auel, marubuciya Ba'amurkiya, zai fito da wannan giɓi. Jerinta mai suna Earth's Children littafi shida ne, daga 1980 zuwa 2011, a kan Ayla, marainiyar da ta rayu a Turai kimanin shekara 30,000 da suka wuce. Ita ma ba ta tsira daga aibi ba: ta ɗora wa mace guda ƙirƙire-ƙirƙire masu yawa, har da horar da doki da kyarkeci, kuma littafin ƙarshe ya nutse cikin siffanta zanen koguna har labari ya tsaya cik. Duk da haka, mai karatu na ganin yadda ake fasa dutse a fitar da wuƙa, da yadda ake jeme fata, da saiwar da ke kwantar da ciwo. Yunwa da sanyi su ne dodanninta, kuma sun fi aljani ban tsoro domin ba a sare su da takobi.

Abin takaicin shi ne, irin wannan jari na nan 'yan kilomitoci daga tashar. Masu binciken kufai sun gano cewa ana narka tama a Dala tun wajen ƙarni na 7. Kundin tarihin Kano ya adana labarin Barbushe, mai kashe giwa da sanda, da tsafin Tsumburbura da aka kewaye da katanga, wanda shi kaɗai ke shiga. Ga zanen duwatsu a Birnin Kudu. Wa ya rubuta mana rayuwar 'yar maƙeri a gindin Dala a shekarar da damina ta ƙi?

Muddin marubutanmu na aron jiyan wasu, yaron Fagge zai tashi da zaton tarihin garinsu ya fara da Bagauda, ko ma da jiniyar jirgi. Littattafan yaƙi sun riga sun tara masu karatu. Abin da ya rage musu shi ne su sauko da jarumansu daga bayan aljani, su taka jar ƙasar Dala.