Gwanintar Neman Yardar Iyaye Kafin a Sa Yaro a Bincike

A sanin yawancinmu, sanyin ƙashi ciwon tsofaffi ne. Shi ya sa idan yarinya 'yar shekara bakwai a unguwar Lugbe ta wayi gari gwiwa a kumbure, yatsu a sandare, sai a fara da mai ɗori, a koma gwajin sikila, wata maƙwabciya ta ce iska ce, kafin a dangana da Asibitin Ƙasa ko asibitin koyarwa na Gwagwalada. A can ne ake iya gano cewa garkuwar jikinta ce ke yaƙar gaɓoɓinta. Likitoci na ware wannan ciwo daban idan ya fara kafin shekara 16 kuma ya wuce mako 6, har yakan taɓa ido yaron bai ji zafi ba.

Masu ciwon ba su da yawa, don haka da wuya asibiti ɗaya ya tara yaran da za su isa a gwada magani. Dole ƙasashe su haɗa hannu. Abin da ya sa ke nan aka kafa ƙungiyar PRINTO a 1996, mai cibiya a birnin Genoa na Italiya, daga baya kuma likitocin Afirka suka kafa tasu, PAFLAR. To amma duk inda aka tsara bincike, ƙarshenta sai wani ya ja kujera ya zauna da uwa da uba ya nemi yardarsu. Sau da yawa nas ce ke wannan aiki, kuma ni dai ban san wani aiki a harkar bincike da ya fi shi neman basira ba.

Mu a Arewa mun san tsadar rashinsa. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Asibitin Zana na Kano da yara 200, kusan rabi suka sha sabon maganin, sauran aka ba su wani. Yara 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba wanda ya faɗa musu gwaji ake yi, kamfanin ya musanta laifi, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Lokacin da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003, wannan labari na cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi. A 2007 Najeriya ta fitar da kundin ƙa'idojin binciken lafiya, ƙarƙashin kwamitin ƙasa na NHREC, sannan Dokar Lafiya ta 2014 ta ba kwamitin gindin zama. Yau sai kwamitin ɗa'a ya amince, idan kuma gwajin magani ne sai NAFDAC ta sa hannu.

Wannan duk takarda ce. Gwanintar tana cikin ɗaki.

Babban tarkon shi ne ladabinmu. Uwa za ta saurara ta sunkuyar da kai ta ce, "Duk yadda kuka ce, likita." Sabon shiga zai ji daɗi ya miƙa biro. Gwanar nas kuwa ba ta karɓar wannan amsa, domin ta san kunya ce ta yi magana. Sai ta ce, "Mama, idan kin koma gida maigida ya tambaye ki me muka ce, me za ki faɗa masa?" Idan uwar ta ce magani kyauta za a ba yarinyar, an koma farko ke nan. Za ta sake bayani a hankali: wannan bincike ne, ba mu tabbatar sabon maganin ya fi wanda ake da shi ba, na'ura ce za ta zaɓi rukunin da 'yarki za ta faɗa, ni ma ba ni da iko a kai, ga yawan jinin da za a ɗiba, ga illar da aka sani. Sannan ta faɗi jumlar da ta fi kowace nauyi, cewa idan sun ƙi, likita zai ci gaba da duba yarinyar kamar yadda ya saba, kuma ko sun shiga suna iya fita ranar da suka so.

Ba ta gaggawa. Uban na iya kasancewa ya bi motar asuba zuwa aiki cikin gari, don haka ta bar uwar ta tafi da takardar a yi shawara. Idan ba su iya karatu ba, a nemo shaida wanda ba ya cikin masu binciken, a karanta a gabansa kafin a dangwala. Lugbe kuwa gari ne na kowa da kowa, Gbagyi da Bahaushe da Ibo da Bayarabe, dole bayanin ya zo da harshen da mutum ke mafarki da shi. Kuɗin mota ma da lissafi: a mayar wa iyali abin da suka kashe, kada ya yi yawan da talaka zai kasa cewa a'a.

Sai yaron kansa. Wanda ya yi wayo ana neman amincewarsa, ko da iyaye sun sa hannu. Yaron da aka tarbiyyantar kada ya musa wa babba zai kalli fuskar uwarsa kafin ya amsa. Gwanar takan durƙusa daidai tsayinsa, ta nuna masa allurar, ba ta ce masa babu zafi, ta ce akwai kaɗan. Ciwon gaɓoɓi na shekaru ne, yaron da aka yi wa ƙarya yau zai ƙi miƙa hannu wata mai zuwa.

Akwai kuma batun jinin. Kwalbar da za a kai ɗakin gwaji a Turai ta titin Lugbe za ta wuce zuwa filin jirgin Nnamdi Azikiwe, kuma ƙa'ida ta ce ba ta fita sai da rubutacciyar yarjejeniya kan abin da za a yi da ita. Lamba ake sa mata maimakon suna. Gwanar kan faɗi wannan tun ba a tambaye ta ba, don ta san zargin da ke zukatan mutane game da jini.

Iyaye, idan aka nemi ɗanku a bincike, ku tambayi wane kwamiti ya amince, wa zai biya idan magani ya yi illa, da ko yaro zai ci gaba da samun maganin bayan an gama. Ku karɓi kwafin takardar ku tafi da shi gida.